Gini Ma Yana Cikin Magani: Tsarin Ɗakin Jinyar Masu Ciwon Daji a Ƙasar Birnin Gwari

1.0 Gabatarwa

Cutar nan da ke tsiro cikin tsokar ɗan Adam, ta yi ta yaɗo har ta gagari jiki, Hausawa suna kiran ta da sunaye uku. Wasu su ce sankara, wasu su ce kansa, wadda aro ce daga Ingilishi, amma sunan da ya fi zama a bakin jama'a shi ne ciwon daji, ko jeji a wani karin harshen. A ƙasar Birnin Gwari kuwa kalmar daji ba baƙuwa ba ce, domin daji ne ya kewaye garin, a gefensa ake noma da kiwo, kuma ta cikinsa ne hanyar zuwa asibitin ƙwararru ta ratsa. Saboda haka duk wanda wannan ciwo ya kama a yankin, dazuzzuka biyu ne a gabansa, watau na jikinsa da na hanya.

Idan ana zancen ciwon daji, galibi hankali yakan tafi ga likita da magani da na'ura. Ba kasafai ake tunawa da ɗakin da majinyaci yake kwance a ciki ba, alhali kuwa a nan yake cinye mafi yawan kwanakin jinyarsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa fasalin gini yana da hannu a cikin samun sauƙi, sa'an nan mafi yawan abin da ake bukata domin gina wa irin waɗannan majinyata wurin jinya na kirki a Birnin Gwari yana nan cikin tsarin gidan Bahaushe da itatuwan dajin ƙasar, muddin an haɗa su da ƙa'idojin tsabta na likitanci.

2.0 Ƙasar Birnin Gwari da Dajinta

Birnin Gwari masarauta ce kuma ƙaramar hukuma a yammacin Jihar Kaduna, tana iyaka da jihohin Katsina da Zamfara da Neja. Tsakaninta da garin Kaduna akwai tafiyar kimanin kilomita 120. A ƙasarta ne gandun dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936 a ƙarƙashin Hukumar En'e, aka ɗaukaka shi ya zama gandun ƙasa a 1999. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,120 ko kusa da haka, kuma kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Zamfara. Itatuwan da suka fi yawa a wannan yanki sun haɗa da doka da maje da kawo da baushe da taura da kaɗanya da ɗorawa.

Shekara a nan ta kasu kamar yadda ta kasu a ƙasar Zazzau. Damina takan sauka wajen watan Mayu ta ɗauke a Oktoba, hunturu ya biyo baya da ƙura da sanyin dare, sa'an nan bazara ta zo a Maris da Afrilu da zafi mai hana barci. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, ta damina kuma daga kudu maso yamma, amma hadari mai ƙarfi daga gabas yake tasowa. Duk maginin da ya manta da waɗannan abubuwa, ɗakinsa ne zai tuna masa.

Akwai kuma batun tsaro. Shekaru da dama 'yan bindiga sun mayar da wannan daji mafaka, hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abin fargaba, har ya kasance matafiya sukan jira rakiyar jami'an tsaro kafin su bi ta. A ƙarshen 2024 Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin bayan ta daɗe a rufe. Amma darasin waɗannan shekaru bai kamata ya ɓace ba: asibitin da ke bakin daji tilas ya iya riƙe kansa da majinyatansa a ranar da hanya ta ƙi biyuwa.

3.0 Ciwon da Maganinsa

Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an sami sababbin masu wannan ciwo kimanin 128,000 a Nijeriya, kuma kimanin 80,000 sun rasu a sanadinsa. Waɗanda suka fi yawa su ne sankarar mama da ta bakin mahaifa ga mata, da sankarar ƙululun nan na gindin mafitsara ga maza.

Manyan hanyoyin magani uku ne. Ta farko tiyata, watau a yanke tsiron. Ta biyu magani mai ƙarfi da ake sa wa majinyaci ta ƙarin ruwa, wanda ake kira kemo. Sau da yawa ana maimaita shi bayan kowane mako uku. Wannan magani yana kashe ƙwayoyin ciwon, amma yana rage ƙwayoyin jini masu kare jiki, musamman a mako na biyu bayan an sha shi, yana kuma kawo tashin zuciya har mutum ya kasa jure ƙanshin miya. Ta uku ita ce gashi da na'ura mai fitar da haske mai ratsa jiki. Kusan rabin masu ciwon daji suna bukatar gashi a wani mataki na jinyarsu. Kowane zama mintoci kaɗan ne, amma akan yi shi kwana biyar a mako, har tsawon mako biyar zuwa bakwai ga wasu nau'o'in ciwon.

Ɗakin na'urar gashi ba irin sauran ɗakuna ba ne. Bangonsa na kankare ne mai kaurin mita biyu ko fiye a inda hasken ke fuskanta, ba shi da taga, hanyar shigarsa kuma a karkace take domin kada hasken ya fito. Yana bukatar wutar lantarki marar yankewa da ƙwararrun ma'aikata. Wannan ne ya sa ba a iya kafa shi a kowane gari. Mutumin Birnin Gwari da ke neman ƙwararru a kan wannan ciwo yakan nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya, tafiyar kimanin kilomita 200 idan an bi ta Kaduna, ko ya nufi Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A 2025 an buɗe sabuwar cibiyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Daga wannan bayani za a fahimci cewa aikin ya rabu biyu. Na'ura tana birni, amma gwajin farko da wankin gyambo da hutun da ke tsakanin zagayen magani da kashe raɗaɗi a ƙarshen rayuwa, duk ana iya yin su kusa da gida. Wurin da za a yi waɗannan ayyuka a babban asibitin gari irin na Birnin Gwari shi ne abin da wannan maƙala take magana a kai.

Har ila yau akwai abubuwa biyu da ke hana zuwa asibiti da wuri. Ɗaya shi ne camfin da ya yaɗu cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da zarar allura ko aska ta taɓa shi sai ya fantsama. Ɗayan kuma kunya ce, domin ciwon yakan kama mace a inda ba ta son buɗewa. Sakamakon haka da yawa sukan iso bayan ciwon ya fashe ya zama gyambo mai wari. Wa'azi da wayar da kai su ne maganin camfi, amma kunya kam gini yana iya rage ta, yana kuma iya ƙara ta.

4.0 Abin da Aka Gano a Wasu Ƙasashe

Tunanin cewa gini yana shafar lafiyar majinyaci ya daɗe. A 1859 Florence Nightingale ta Ingila, bayan abin da ta gani a asibitocin soja lokacin yaƙin Kirimiya, ta wallafa littafi a kan tsarin asibitoci, inda ta dage a kan dogayen ɗakuna masu tagogi a ɓangarori biyu domin iska ta ratsa, hasken rana kuma ya shiga. A 1933 aka kammala asibitin masu tarin fuka na Paimio a tsakiyar wani daji a ƙasar Finlan. Mai zanen ginin, Alvar Aalto, ya lura cewa wanda ke kwance rufin ɗaki yake kallo yini guda, don haka ya zaɓi launi mai sanyaya ido ga rufin, ya kawar da fitila daga saitin idon majinyaci, ya kuma ƙera kwanon wanke hannu wanda ruwa ba ya ƙara a cikinsa.

A 1984 wani masani mai suna Roger Ulrich ya buga sakamakon bincike a mujallar Science. Ya duba takardun mutum 46 da aka yi wa tiyatar cire mafitsarar ɗaci a wani asibiti na jihar Fensilbaniya ta Amurka tsakanin 1972 da 1981. Rabinsu tagarsu tana kallon itatuwa, rabi kuma tana kallon bangon bulo. Masu kallon itatuwa sun yi kimanin kwana 8 a asibiti bayan tiyata, masu kallon bango sun yi kusan kwana 9, kuma na farkon sun fi ƙarancin neman maganin raɗaɗi mai ƙarfi. Waɗannan ba masu ciwon daji ba ne, kuma adadinsu kaɗan ne, amma binciken ya buɗe ƙofar auna tasirin gini da alƙaluma.

Game da ciwon daji kai tsaye, misalin da ya fi shahara shi ne na Maggie Keswick Jencks, wata mai tsara lambuna. A 1993 aka shaida mata a wani asibitin Edinbara cewa sankarar mamanta ta dawo, sai ta sami kanta zaune a wani lungu marar taga tana juya wannan labari a zuciyarta. Ta yi amfani da sauran kwanakinta wajen tsara wani gida a harabar asibiti inda mai ciwon zai zauna ya nemi bayani da shawara. Ta rasu a 1995, aka buɗe gidan farko mai sunanta a 1996. A irin waɗannan gidaje babu kantar karɓar kati; teburin cin abinci ne a tsakiya, lambu kuma a gefe.

Misalin da ya fi kusa da halin Birnin Gwari shi ne asibitin Butaro na ƙauyukan arewacin Ruwanda, wanda aka buɗe a 2011, aka ƙara masa cibiyar ciwon daji a 2012. An fitar da hanyoyin wucewa zuwa baranda a waje domin kada marasa lafiya su cunkushe a rufaffen lungu, an juya gadaje suna kallon tagogi da tsaunuka, kuma mutanen yankin ne suka yi ginin da duwatsun ƙasarsu.

5.0 Darasi daga Ginin Hausa

Hausawa suna cewa da tsohuwar zuma ake magani. Ƙasar Zazzau ta san gini, domin a nan ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Labarin baka ya nuna cewa aikinsa na ƙarshe masallaci ne a Birnin Gwari, kuma a can ya gamu da ajalinsa. Ga wasu sassa na wannan gado da za su amfani ɗakin jinya.

5.1 Zaure

A gidan Bahaushe baƙo ba ya faɗawa cikin gida kai tsaye. Yakan tsaya a zaure, kuma ƙofofin zaure da na shigifa ba sa kallon juna, don haka idon mai wucewa ba ya kai wa ga tsakar gida. Wannan tsari shi ne amsar matsalar kunya. Idan sashen mata yana da tasa mashigar, ba a rubuta sunan ciwon ɓaro-ɓaro a bakin ƙofa ba, kuma ɗakin gwaji yana can ciki inda ba a jin maganar likita daga waje, macen da ta ji ƙullutu a mamanta za ta fi samun ƙarfin halin zuwa tun ciwon yana ƙarami.

Zaure yana da wani amfani kuma. Dubiya haƙƙi ce a addini da al'ada, ba a hana ta. Amma wanda kemo ya rage wa kariya, murar mai dubiya tana iya kwantar da shi. Idan akwai zaure ko rumfa mai iska, jama'a za su gaisa da dangi a can, mutum ɗaya ko biyu su shiga bayan sun wanke hannu. Ta haka an sauke nauyin zumunci ba a cuci maras lafiya ba.

5.2 Tsakar Gida da Inuwa

Maimakon dogon gini guda mai lungu a tsakiya, ya fi dacewa a jera ƙananan ɗakuna masu gado huɗu ko shida kewaye da fili, a haɗa su da baranda. A dasa itatuwa masu riƙe ganye a bazara, irin su maɗaci da tsamiya, a tazarar da saiwa ba za ta taɓa harsashin gini ba. Idan an tarar da doka ko kaɗanya a filin, a tsara ginin ya zagaye su maimakon a sare. Sai dai a lura, wasu mutane suna ɗaukar tsamiya da kuka a matsayin mazaunin iskoki. Itacen da zai hana majinyaci barci saboda tsoro bai cancanci bakin tagarsa ba. Mangwaro kuma yana tara ƙuda da jemage lokacin 'ya'yansa, gara a nisanta shi.

5.3 Iska da Haske

Dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa, gajerun su fuskanci gabas da yamma, domin ranar hantsi da ta la'asar su sami ɗan wurin duka, hadarin gabas ma haka. Rufi ya yi tsawo, a bar kafofi a sama inda iska mai zafi za ta fita, tagogi kuma su kasance a ɓangarori biyu. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa ɗakin kwanciya da ya dogara ga iskar Allah ya sami lita 60 ta sabuwar iska a kowane daƙiƙa ga kowane majinyaci. Ga mai gyambo mai wari, wannan iska rufin asiri ce. Dandamalin taga ya sauko daidai da tsayin gado, domin wanda ba ya iya tashi ya ga ganye da sararin sama.

5.4 Mai Jinya

A ƙasar Hausa ba a kwanciya asibiti a kaɗaice. Uwa ko ɗiya ko ƙanwa takan tare a gindin gado, ita ce mai dafa abinci da wanki da juya maras lafiya. Ginin da bai yi mata tanadi ba yakan tilasta mata shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gado ko a baranda. Ya kamata kowane gado ya sami dakali a gefensa da wurin ajiye kaya, a kuma tanadi makewayi da wurin wanki da shanya na masu jinya. Madafa kuwa a kai ta kudu maso gabas ko arewa maso yammacin ɗakunan, domin iskar damina da ta hunturu su wuce da hayaƙi da ƙauri ba tare da sun bi ta kan mai tashin zuciya ba. A ƙara da masauki ga waɗanda suka fito daga ƙauyuka irin su Kuyello da Randagi da Dogon Dawa, inda za su kwana kafin su kama hanyar Shika da sassafe.

5.5 Bangon Ƙasa

Kowa ya san soron ƙasa ya fi ɗakin kwano sanyi da rana, ya kuma fi shi ɗumi a daren hunturu, saboda kaurin bango yana jinkirta shigar zafi. Yana kuma tare hayaniya. Ana iya samun wannan amfani da bulon ƙasa da ake matsewa da inji a haɗa da ɗan siminti. Da irin wannan bulo aka gina sabon masallacin Dandaji a Jamhuriyar Nijar, wanda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka zana, aka kammala a 2018. Ƙasar tana nan a wurin, magina ma suna nan, kuɗin aikin kuma zai zauna a hannun mutanen gari.

6.0 Inda Al'ada Ba Ta Wadatar Ba

Ba duk abin da ke gidan gargajiya ne ya dace da asibiti ba. Ɗakin Bahaushe na da yana da ƙaramar taga da duhu, wannan kuwa tilas a gyara. Ƙura tana ɗauke da ƙwayoyin fumfuna waɗanda ba sa cutar da mai lafiya, amma suna iya kama huhun wanda kariyar jikinsa ta faɗi. Don haka cikin ɗaki ya sha shafe mai santsi da za a iya wankewa, daɓe ya zama na tayil ko siminti mai sulɓi, tagogin arewa maso gabas su rufu sosai a hunturu, kuma kada a kwantar da masu shan kemo kusa da inda ake rushe gini. A toshe duk kafar da jemage zai shiga silin, a yi wa katako maganin gara. Kowace taga ta sami raga, kowane gado ya sami gidan sauro, kada kuma a bar ruwa ya kwanta a lambu, domin zazzaɓin cizon sauro ya fi haɗari ga wanda jininsa ya yi ƙasa.

Bugu da ƙari, ana bukatar ɗaki na musamman domin haɗa maganin kemo, mai akwatin zuƙe iska da zai kare ma'aikata, da firji, da ma'ajiya mai kulle ta maganin raɗaɗi irin su mofin. Ana bukatar ɗaki guda a ware domin mai tari, da wurin wanke hannu a bakin kowace ƙofa. Maimakon matakala a yi gangare saboda keken marasa lafiya, makewayi kuma ya sami wurin zama da mariƙi, gama tsuguno yana gagarar wanda ciwo ya ci ƙarfinsa. Rijiyar burtsatse da tankin ruwa da farantan hasken rana su ne za su riƙe wurin idan wuta ta ɗauke ko hanya ta toshe.

Daga ƙarshe akwai abin da ba a son faɗa, amma tilas a tsara shi. Wasu majinyatan ba za su tashi ba. Ya kamata a keɓe ƙaramin ɗaki mai natsuwa inda iyali za su kewaye nasu, mai faɗin da za a iya juya gado ya fuskanci alƙibla, ko malamin coci ya tsaya ya yi addu'a idan majinyacin Kirista ne. A yi masa ƙofa ta baya, domin kada a riƙa fitar da gawa a kan idon waɗanda ke fama da ciwo iri ɗaya.

7.0 Kammalawa

Taga da inuwa ba sa narkar da tsiron daji. Wannan aikin tiyata ne da kemo da gashi. Abin da gini yake yi shi ne ya jawo majinyaci ya zo da wuri, ya ba shi barci, ya kare shi daga wata cutar, ya kuma riƙe mai jinyarsa har a kammala magani, domin da yawa gajiya da ɗawainiya ne suke sa su koma gida a tsakiyar jinya. Mafi yawan abubuwan da aka zayyana a nan ba su da tsada idan an yi tunaninsu tun a takardar zane. Gyaransu bayan an ɗora rufi shi ne mai cin kuɗi.

Akwai kuma rabon ɗaliban Hausa a cikin wannan aiki. Tsofaffin magina da suka san azara da makuba da ɗaurin guga suna ƙarewa, iliminsu yana bukatar mai rubutawa. Kalmomin da likita zai yi wa majinyaci bayanin ciwonsa da su, ba tare da ya firgita shi ba, suna bukatar mai tacewa. Matan da suka yi watanni a gindin gadon 'yan'uwansu sun san abin da ɗakin jinya ya rasa fiye da kowane mai zane, kuma da Hausa za su faɗe shi. Idan aka tattara wannan sani aka miƙa wa masu zanen gini da hukumomin lafiya, to ranar da za a aza harsashin irin wannan sashe a Birnin Gwari, za a gina shi daidai da mutanen da za su kwanta a ciki. Sauƙi kuwa na Allah ne.